Sandunan gas na ƙofar bayan tsohuwar jif: wanne ya cancanci a saya?

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da mota ƙirar jif ya san yadda ƙofar baya take fara nauyi idan shekaru suka ja. Da farko takan daina tashi da kanta har ƙarshe, sai an taimaka mata da hannu. Bayan wani lokaci ta riƙa saukowa a hankali yayin da mutum ya sunkuya yana ɗauko kaya. Daga bisani kuma ta ƙi tsayawa gaba ɗaya sai an tokare ta da katako. Mutane da yawa sukan zauna da wannan hali na tsawon shekaru domin mota tana tafiya lafiya, amma ni ban ɗauke shi ƙaramin al'amari ba, saboda ƙofar bayan jif ƙarfe ce da gilashi da injin waifa da makulli, nauyinta ya kai kilo masu yawa, kuma gefenta mai kaifi yana saukowa ne daidai inda kan babba ko hannun yaro yake. Abin da ke riƙe wannan nauyi sanduna biyu ne masu cike da gas, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda makanikai da dama ke kira shokozoban but, kuma sauya su yana cikin gyare-gyare mafi sauƙi da mai mota zai iya yi da kansa. Wahalar tana wajen zaɓe.

Na yi amfani da sandunan kamfanin Stabilus, samfurin Lift-O-Mat, a kan tsohuwar jif ɗina, na kuma ga yadda na dila, wato masu zuwa a kwalin kamfanin motar, da masu araha marasa suna suke aiki a motocin da na taimaka aka sauya musu. Hukuncina shi ne sandar sanannen kamfani wadda ƙarfinta da tsawonta suka yi daidai da ta asali ita ce ta fi dacewa da yawancin tsofaffin motoci, kuma maganar mai sayarwa cewa kaya ya dace da motarka ba ta isa hujja ba sai an gwada ta da abin da ke rubuce a jikin tsohuwar sandar da kuma abin da tef ɗin awo ya nuna.

Kafin a yi maganar kamfanoni, ya kamata a fahimci abin da ake saye. Sandar gas bututun ƙarfe ce rufaffe, an cika ta da iskar naitirojin mai matsi sosai tare da ɗan mai kaɗan, sannan akwai tsinken ƙarfe mai santsi da ke shiga da fita ta bakin bututun, inda wata roba da ake kira sil take hana iskar tserewa. A kan tsinken daga ciki akwai fistin mai ƙaramar kafa wadda iska ke ratsawa, don haka matsin da ke gaban fistin da na bayansa ɗaya ne, kuma ƙarfin da ke tura tsinken waje yana fitowa ne daga matsin iskar a kan faɗin tsinken kawai. Lissafin yana da ban mamaki idan aka yi shi. Tsinke mai kaurin milimita 8 faɗin fuskarsa kusan murabba'in milimita 50 ne, saboda haka kafin ya ba da ƙarfin niyuton 500 (niyuton ma'aunin ƙarfin turi ne) sai matsin da ke cikin bututun ya kai kimanin PSI 1,450 (PSI shi ne ma'aunin iskar taya), alhali tayar mota takan ɗauki abin da bai wuce PSI 30 zuwa 35 ba. Wannan matsi, wanda ya ninka na taya fiye da sau 40, siririyar roba guda ce ke tsare shi dare da rana na tsawon shekaru, kuma a nan ne bambancin sanda mai kyau da mai araha yake ɓoye, wurin da idon mai saye ba ya gani.

Babu sandar gas da ba ta mutuwa. Iska tana sulalewa ta gefen sil kaɗan-kaɗan ko da ba a buɗe ƙofar ba, ƙura da tsatsa kuma suna karce tsinken, kowane karce kuwa yana cin robar a duk lokacin da ya wuce ta cikinta. Idan aka ga mai ya jiƙa bakin bututun ko ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi, to sil ya riga ya gaza. Yanayi ma yana da hannu: ƙarfin da kamfanoni ke rubutawa a jikin sanda an auna shi ne a zafin digiri 20 na ma'aunin Salsiyos, kuma yana raguwa ko ƙaruwa da kusan kashi 3.4 cikin 100 a kowane digiri 10. Sandar da ke ba da niyuton 500 a digiri 20 za ta sauka zuwa kusan 466 idan sanyi ya kai digiri 0, ta haura kusan 534 a digiri 40. Shi ya sa tsohuwar sanda takan riƙe ƙofa da tsakar rana amma ta sake ta da asuba, kuma shi ya sa bai kamata a gwada lafiyar sanda a cikin zafin rana kaɗai a yanke hukunci ba.

Abu na farko da za a nema a jikin tsohuwar sandar shi ne lamba mai harafin N a ƙarshe, kamar 450N ko 0600N, wadda ita ce ƙarfinta da niyuton, sai kuma lambar kayan da kamfanin motar ya buga. Akan same su a jikin bututun, wani lokaci a ƙarƙashin datti, don haka a goge da tsumma a ɗauki hoto kafin a cire komai. Masu sayarwa na Amurka sukan rubuta ƙarfin da laba, kuma laba 1 ta ƙarfi daidai take da kusan niyuton 4.45, wato laba 100 ta kai niyuton 445. Ba kowace sandar asali ce ke ɗauke da lambar niyuton ba. Idan babu, lambar kayan da lambar shasin mota su ne abin dogaro, domin da su ake gano ainihin samfurin da ya dace a kundin kamfanonin da ke ƙera madadin.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai wani tunani da ya yaɗu wanda nake ganin yana jawo ɓarna fiye da sanda mai rauni. Mutumin da ƙofa ta sha faɗo masa yakan ce a ba shi mafi ƙarfi da ake da ita, yana ganin ƙarin ƙarfi ƙarin aminci ne. Ba haka lamarin yake ba. Injiniyoyin da suka tsara motar sun daidaita ƙarfin sandunan da nauyin ƙofar da kuma wurin da aka dasa su, ta yadda ƙofar za ta zauna a rufe ba tare da tana tura makulli da ƙarfi ba, ta fara tashi da kanta bayan an ɗaga ta kaɗan, sannan mai matsakaicin ƙarfi ya iya jawo ta ƙasa da hannu ɗaya. Idan aka sa sanda mai ƙarfi fiye da kima, ƙofar za ta riƙa fizgewa sama, rufe ta zai zama kokawa ga tsoho da gajere, sannan duk wannan ƙarin ƙarfi yana sauka ne a kan hinji da kuma ƙananan kusoshi masu kan ƙwallo da sandunan ke maƙale a kansu. A sabuwar mota ƙarfen zai iya jurewa, amma a jif ɗin da ta shekara 15 ko 20, wadda wataƙila tsatsa ta riga ta ci bayan falankin ƙarfen da ƙusar ke ɗaure a kai, sakamakon yakan zama ƙarfe ya lanƙwashe, ko ƙusa ta tsinke, ko ƙofa ta goce daga mazauninta ta fara shigar da ruwa da ƙura. Ƙarfin sandar kuma yana ƙaruwa ne yayin da ake danna ta ciki, don haka lokacin da ƙofa take rufe, wanda shi ne mafi yawan rayuwarta, shi ne lokacin da sandar ta fi matsa wa waɗannan wurare. Dalili ɗaya da na yarda da shi na ƙara ƙarfi shi ne idan an ƙara wa ƙofar nauyi na dindindin, kamar tsanin hawa rufi ko wani ƙarfen ado mai nauyi, kuma ko a nan ƙari kaɗan ake yi, ba tsalle ba.

Bayan ƙarfi sai tsawo. Ana auna sanda ne tana miƙe gaba ɗaya, daga tsakiyar ƙoƙon da ke wannan kai, wato wurin da ke kama ƙwallon ƙusa, zuwa tsakiyar ƙoƙon da ke wancan, ba daga baki zuwa baki ba, sannan a auna tsawon tsinken da ke waje domin a san iyakar tafiyarsa. Sandar da ta gaza tsawo za ta hana ƙofa buɗewa sosai, mutum ya riƙa buga kai. Wadda ta yi tsawo kuma za ta tura hinji ya wuce iyakarsa, wadda kuma bututunta ya fi na asali tsawo za ta ƙare tafiyarta kafin ƙofar ta rufu, abin da ke iya karya mazauninta a rufewar farko. Yawancin motoci suna amfani da ƙwallo mai milimita 10, amma akwai masu 8 da masu 13, akwai kuma waɗanda sandar tasu ke zuwa haɗe da ƙarfen ɗauri da ake kafawa da noti, kamar yadda ake gani a wasu motocin Toyota. Mai irin wannan mota ya tabbatar sabuwar sandar ta zo da nata ƙarfen ɗaurin, ya kuma lura ko ta dama ta bambanta da ta hagu.

Kundin masu sayarwa yana da wani tarko da ya shafi tsofaffin jif musamman. Motoci irin su Ford Explorer da Jeep Grand Cherokee da Nissan Pathfinder na shekarun baya suna da gilashin baya da ke buɗewa shi kaɗai ba tare da an ɗaga ƙofar ba, kuma wannan gilashi yana da nasa ƙananan sanduna masu ƙarfi kaɗan. Sau da yawa ana jera nau'ukan biyu a ƙarƙashin sunan mota ɗaya da hoto mai kama da juna, har da na bonet a gefe, sai mai gaggawa ya sayi na gilashi yana zaton na ƙofa ne, ko ya sa na ƙofa a gilashi, wanda ya fi haɗari. Toyota Land Cruiser ta jerin 80 da 100 mai ƙofa biyu, ta sama da ta ƙasa, rabin sama ne kawai ke tashi da sandunan gas, Honda CR-V ta farko da ta biyu kuwa ƙofarta gefe take buɗewa, gilashin ne ke tashi sama. Motar da ƙofarta ke buɗewa da lantarki ita ma sandunanta daban ne da na irinta mai buɗewa da hannu. A wasu tsofaffin motoci kuma akwai waya da ke haɗe da kan sandar domin kai wuta ga gilashin baya, saboda haka duk wanda ya ga waya a jikin tasa ya nemi madadi mai wurin haɗa ta.

Stabilus kamfanin Jamus ne da ke birnin Koblenz, an kafa shi a 1934, kuma yana cikin manyan masu ƙera wa kamfanonin motoci sandunan gas kai tsaye, abin da ya sa a motoci da yawa na Turai da Amurka za a ga sunansa a jikin sandar asali kusa da lambar kamfanin motar. Waɗanda na sa a motata sun zo da lambar niyuton da lambar kaya a buge a fili, tsinken baƙi ne mai santsi babu tabo, ƙoƙunan kuma sun shiga kan ƙwallon da ɗan dannawa suka kama ba tare da wani girgiɗi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda tafiyar take ƙarewa: ƙofar tana tashi da sauri daidai gwargwado, amma idan ta kusa kaiwa ƙarshe sai ta rage gudu ta tsaya a hankali, babu bugu babu girgiza. Wannan aikin man da ke cikin bututun ne, wanda fistin ke shiga cikinsa a ƙarshen tafiya, kuma shi ne ke kare hinji daga duka a kowace buɗewa. Da sanyin safiya ma sun ci gaba da riƙe ƙofar a sama, kodayake tashinta yakan ɗan yi jinkiri, wanda dabi'ar iska ce ba aibi ba. Sun fi marasa suna tsada, amma sun gaza na dila, kuma a ganina wannan matsayi na tsakiya shi ne ya fi dacewa da motar da ta tsufa amma ake son ci gaba da amfani da ita.

Akwai wasu sunaye da suka daɗe a wannan sana'a, irin su Suspa na Jamus, da Lesjöfors na Suwidin, da Sachs, da StrongArm da Monroe waɗanda aka fi samu a kasuwar Amurka. Idan kundin ɗaya bai ƙunshi motarka ba, wani zai iya ƙunsa, kuma ma'aunin da zan yi musu ɗaya ne: a rubuta ƙarfi da tsawo a fili, a ba da garanti a rubuce.

Sandar dila, wato wadda ke zuwa a kwalin kamfanin motar, ita ce ta fi kawar da shakka, domin da lambar shasi ake fito da ita, ƙarfen ɗauri da wurin waya duk suna nan yadda suke a ta asali. Ina ba da shawarar ta ga wanda motarsa ke da ɗauri na musamman da madadi ba ya kwaikwaya da kyau. Illarta biyu ce: tsada, wadda sau da yawa kuɗin kwali da suna ne tunda wani kamfanin ne ya ƙera ta, da kuma yiwuwar cewa ta daɗe a ajiye, domin kayan tsohuwar mota ba sa fita da sauri, sandar gas kuwa tana rasa iska ko tana ajiye a shago. Wannan ya shafi kowane iri, don haka idan akwai kwanan watan ƙira a jikin bututun a duba shi, a fifita wadda ba ta daɗe ba.

Marasa suna, waɗanda ake sayarwa bibbiyu da araha ƙwarai, ba zan ce dukansu banza ba ne, domin na ga waɗanda suka yi aiki. Matsalar ita ce ba a san abin da za a samu ba sai an ɗaura. Na ga biyu daga kwali ɗaya da ƙarfinsu ya bambanta har ƙofa tana tashi a karkace. Na ga waɗanda ba su da rage gudu a ƙarshe, ƙofar ta riƙa dukan iyakarta har motar ta girgiza. Na kuma ga ƙoƙon roba da ya tsage bayan ɗan lokaci. Da yawansu ba sa ɗauke da lambar niyuton, kuma sanda ɗaya akan jera mata motoci masu yawa da nauyin ƙofofinsu ba ɗaya ba ne, wanda ke nuna tsawo kawai aka duba. Ga wanda zai rabu da motar nan kusa, suna iya fin katakon tokare, amma ga wanda iyalinsa ke tsayawa a ƙarƙashin ƙofar kullum ban ga hikimar wannan rangwame ba. Na hannu da aka ciro daga motar da aka wargaza kuwa ba na ba da shawararsu ko kaɗan, saboda shekarunsu ɗaya da waɗanda ake son cirewa.

Ko wanne aka zaɓa, a sauya biyun tare. Sabuwa ɗaya da tsohuwa ɗaya suna murɗa ƙofa, nauyin ya taru a kan sabuwar ta mutu da wuri. Kada kuma a yi zaton sabuwar sanda ta lalace don an kasa danna ta da hannu. Niyuton 500 daidai yake da nauyin kusan kilo 51, kuma sil ɗin da bai taɓa motsi ba yakan ɗan manne da farko. Wajen ɗaurawa a sami mutum na biyu ya riƙe ƙofar ko a tokare ta da abu mai ƙarfi, domin da zarar an cire sanda ɗaya ɗayar ba za ta iya riƙe ta ba. A sa bakin sukudireba mai faɗi a ƙarƙashin maƙalin ƙarfen da ke bayan ƙoƙon, a ɗaga shi kaɗan ba tare da an fitar da shi gaba ɗaya ba, sai ƙoƙon ya saki ƙwallon. A goge ƙwallon, a shafa masa ɗan giris, a danna sabuwar har a ji ta kama, a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan. A bi yadda ta asali take fuskanta, wanda galibi yakan sa tsinken ya kasance ƙasa a mafi yawan lokaci, domin man ya taru a kan sil ya hana shi bushewa.

Tsinken ba ya son giris, ko fenti, ko haƙoran filaya. Tsumma mai tsabta ya ishe shi. Dabarar nan ta kama tsinke da filaya domin ƙofa ta tsaya tana karce shi, ta kashe sandar nan take. Tsofaffin da aka cire kuma kada a huda su, kada a yanka, kada a jefa su wuta, domin ko wadda ta kasa ɗaga ƙofa tana iya riƙe da matsi mai haɗari. A kai su inda ake karɓar irin waɗannan kayan mota.

Idan an sa sababbin sanduna masu lamba daidai amma ƙofar ta ci gaba da ƙara, ko tana tashi a karkace, ko tana gogar gefe wajen rufewa, to a duba hinji da kusoshin ƙwallon kafin a zargi sandunan. Ƙwallon da ya cinye ya zama ba zagayayye ba yana sa ko sabon ƙoƙo ya yi girgiɗi, hinjin da ya bushe ko ya yi tsatsa yana cinye wani kaso na ƙarfin sandar, falankin da ya tsage a bayan ƙusa kuma aikin mai walda ne, wanda ya kamata a yi shi tun kafin a ɗora masa matsin sababbin sanduna.